Kaset Ɗaya Ya Ƙi Shiga Kati

Kafin na ce komai, bari na amsa wa baiwar Allahn nan da ta rubuto a ƙasan labarina na wancan makon cewa wai ni nake ja wa Celestine aji. 'Yar'uwa, na yafe miki. Da kin san Babana da ba ki faɗi haka ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Milka, auta a gidan Malam Azariya, tsohon hedimasta kuma dattijon coci a nan Kafanchan. Ina aiki a wani kemis kusa da tasha. Celestine kuma malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Kagoro, dogo, siriri, mai kunya kamar sabuwar amarya, kuma ɗan Katolika. Wannan na ƙarshen shi ya tsaya wa gidanmu a wuya. Ina son yaron nan, jama'a, ba zan ɓoye muku ba. Amma har zuwa makon jiya Baba bai taɓa zama da shi ba, kuma a gidanmu in Baba bai zauna da saurayi ba, babu maganar turo manya.

Dalilin da Baba yake bayarwa ɗaya ne: "Kwamfuta ba ta aiki."

Na san za ku yi dariya, to ku tsaya ku ji. Baba yana da wata tsohuwar kwamfuta da wata Baturiya 'yar mishan ta bar masa a Kagoro lokacin da za ta koma ƙasarsu, tun ba a haifi babbar yayata Yemima ba. Ba irin wadda kuka sani ba ce. Ba ta da fuska, allon rubutu ne kawai mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, kamar burodin da aka zauna a kai. Sai an jona ta da talabijin, an jona mata rediyo mai kaset, sannan take zama mutum. Baba ya kwashe shekaru yana shigar mata da muryoyin waƙoƙin coci, lamba bayan lamba, yana adanawa a kaset. In za ta yi waƙa sai a saka kaset a danna, ta fara wani ƙara mai shiga haƙori, ƙiiii, layuka suna gudu a talabijin. Za ka iya dafa shayi ka shanye kafin ta gama ta fara kiɗan.

A cikin wannan jiran Baba yake yi wa samarinmu tambayoyi.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tsayar da ɗaruruwan yara a asembili da ido kawai, ba ya iya kallon saurayin 'yarsa fuska da fuska. Kunya ce ke kama shi. Sai ya zaunar da yaro a gefensa, su duka biyu suna fuskantar talabijin, ya saka kaset, ya kori mata daga falo. Kaset yana kuka, Baba yana tambaya, babu mai kallon wani. In waƙa ta tashi Baba ya bi ta da murya, to ka je ka turo manyanka. In ya miƙa hannu ya kashe, ka ɗauki takalminka. Mazan yayyena biyu, Yemima da Serah, duk ta nan suka bi. Yaya Kaleb, mijin Yemima, har yau in ya ji ƙarar injin niƙa sai ka ga ya gyara zama.

To bara da damina tsawa ta ƙone tsohuwar talabijin ɗinmu mai ƙofar katako. Yemima ta aiko da sabuwa daga Abuja, siririya, mai mannewa a bango, sai ga shi ba ta da ramin da wayar kwamfutar Baba za ta shiga. Kwamfuta ta koma ƙarƙashin mayafinta mai ɗinkin kwarashi, ni kuma na koma jira.

Wadda ta fi kowa jin daɗin wannan ita ce Anti Afiniki, ƙanwar Baba. Tana da ɗan takararta, Christopher, ɗan wani dattijon cocinmu, mai shagon kayan mota a Jere. Duk ranar da ta zo gidanmu sai ta kalli bango ta girgiza kai.

"Milka, ka buɗe ido. Talabijin nawa ne a layin nan? Naku kaɗai tsawa ya gani. Ubangiji ba ya magana sau biyu."

"Anti, har da firjin Maman Ishmael ta ƙone."

"Maman Ishmael yana da nashi zunubi. Ni maganar ka nake yi."

Christopher ba shi da laifi, mutumin kirki ne. Amma sau ɗaya muka taɓa hira, ya kwashe ta kaf yana mini bayanin bambancin taya sabuwa da ta hannu, 'yar Balgiyam.

Celestine ne ya samo mafita. Ashe akwai wani zaure a intanet na mutanen da ba su da aikin yi sai kiwon tsofaffin kwamfutoci, yana ciki. A can ya ji labarin wani bawan Allah da ya ƙera ɗan ƙaramin allo da ake soka wa irin ta Baba a baya, ta yi magana da talabijin na zamani. Sabon abu ne, ko su 'yan zauren ba su gama gwada shi ba. Ya yi oda, ya iso. Mama ta bi Baba da naci har ya yarda a kai wa Celestine kwamfutar ya gwada. Da kansa ya naɗe ta a zanin Zumuntar Matan coci na Mama, ya haɗa da kwalin kaset ɗinsa, ya ce wa mai mashin in ya faɗa rami ko ɗaya, ya san gidan ubansa.

Tun daga ranar na rasa saurayi. In na kira sai na ji ƙiiii a bayansa. Saƙonninsa kuwa, ga samfuri:

"Milky, ta kawo hoto! Blue ɗin ya ɗan yi purple amma ba komai."

"Ka ci abinci?"

"Board ɗin yana ɗaukan zafi kaɗan. Na rubuta wa mutumin."

"Cele. KA CI ABINCI?"

"Abeg no vex. Ina shirya wa Baba surprise."

Na tura masa fuska mai murguɗa baki na ajiye waya. Ni a tunanina mamakin bai wuce hoto ya fito a bango ba. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Ranar Asabar aka sa. Tun safe Mama ta ɗora gwaten acca, ta sa ni goge kujerun falo har ƙasansu, ta canja labule ta sa na Kirsimeti. Na sa atamfata kore mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, na cire, na sa gawun, na cire, na koma kan atamfar. Anti Afiniki ta iso ba a gayyace ta ba, da lema da jaka, ta ce wucewa take. Ta wuce har cikin kujera mai zaman mutum ɗaya ta cire takalmi.

Da rana ta ɗan karkata, bayan an ɗauke yayyafi, Celestine ya sauko daga mashin rungume da ƙullin zanin Mama kamar jariri. Ya sa farin kaftani da ya yi masa gajarta a hannu, na san na ƙaninsa ne. Carbinsa na Katolika yana cikin riga, amma 'ya'yan sun leƙo ta wuya. Na yi masa alama da ido ya tura su ciki. Ya yi mini murmushi ya bar su yadda suke. Haushi ya kama ni, kuma a lokaci guda na ji na ƙara son sa.

Ya durƙusa har ƙasa. "Baba, ina wuni. Mama, ina wuni. Anti, sannu da hutawa."

"Lafiya, samari," in ji Baba, idonsa a kan ƙullin. "Ba ta faɗi ba dai?"

"Ko girgiza ba ta yi ba, Baba."

Da ya kwance zanin muka ga abin. Ɗan allo ne kore, bai fi tafin hannuna ba, tsirara, babu ko murfi, duk cikinsa a waje. Ya soke shi a bayan kwamfutar, ya tsaya turus kamar jela. Mama ta kalli mayafin kwarashinta ta kalli jelar.

"Yanzu kuma rigan shi ba zai shige shi ba. Sai na sake ɗinki."

Celestine ya jona waya zuwa bango, ya kunna. Wata 'yar fitila ja ta kama a jikin allon. Sai ga shuɗin nan da muka tashi da shi ya cika sabuwar talabijin, fes, rubutun manya-manya, babu rawa, babu yayyafin da tsohuwar take yi. Baba ya cire tabarau ya goge ya mayar. Shekara guda ke nan bai ga fuskar abarsa ba.

"Shuɗin ya canja," ya ce a hankali.

"Eh Baba, ya ɗan ja kaɗan. Mai ƙerawar ya ce zai gyara."

"A bar shi. Ya yi kyau."

Na san abin da ke biye. Baba ya gyara zama, ya nuna wa Celestine gefensa a doguwar kujera, ya yi gyaran murya. Ya dubi Mama. Mama ta miƙe ta ja hannun Anti, ni ma na miƙe. Baba ya miƙa hannu wajen kwalin kaset.

"Baba, tsaya tukuna," in ji Celestine, baki har kunne. "Ba sai ka wahala ba."

Ya nuna wani ɗan kati a gefen allon, irin na waya, bai kai farce ba.

"Duk waƙoƙinka na juye su nan. Ba kaset, ba jira. Duba."

Ya danna maɓalli ɗaya. Ko ƙiftawa ban gama ba, waƙar girbi ta cika falo.

Muna bakin ƙofa muka daskare. Celestine kuwa ko a jikinsa, murna yake. Ya danna wata, ta tashi. Ya danna wata, ta tashi. Ta jana'iza ma ta fito, kuma da ɗan sauri fiye da yadda muka san ta, har kafaɗar Mama ta fara motsi kafin ta tuna ta mutuwa ce. Hannun Baba yana nan a sama, tsakanin gwiwarsa da kwalin kaset, bai kai ba bai dawo ba.

Bai bi waƙar ba. Bai kuma kashe ba. Ya zauna yana kallon bango kamar wanda ya shirya wa'azi ya iso coci ya tarar an tashi.

"Ka yi ƙoƙari, samari," ya ce daga baya. "Allah ya sa albarka."

Ya miƙe, ya zura silifa, ya fita bayan gida inda yake shanya cittarsa.

Anti Afiniki ta tafa hannu a hankali. "To. Na faɗa. Abin da ba a yi da addu'a ba."

"Afiniki, zo ka taya ni juya gwate," in ji Mama, ta finciko ta.

Ni na shige ɗakina na jingina da ƙofa, hawaye suka zo. Tausayin Baba nake ji, tausayin Cele nake ji, kuma ina jin kamar na je na shaƙe shi. Waya ta yi ƙara.

"Milky me na yi? Bai so ba?"

Na share ido na rubuta masa komai. Jiran, tambayoyin, Yaya Kaleb, bin waƙa, kashewa. Na ƙare da cewa, "Ka kwashe mako biyu kana cire abin da ya sa aka kira ka."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Ina kallon ɗigon nan uku suna rawa.

"Jesus."

"Ka ce masa katin ya lalace."

"Ba zan yi wa Baba ƙarya ba."

"To ka auri gaskiyarka."

Sai kuma: "Wait. Akwai abin da na ɓoye. Kunya ta hana ni faɗa."

Ban samu na tambaye shi ba, na ji takunsa ya bi ta lungu. Na ruga tagar ɗakina da ke kallon bayan gida, na ɗaga labule kaɗan. Kar wadda ta ce mini laɓe ba kyau, rayuwata ake magana.

Baba yana tsugune yana juya citta a kan buhu, cittar da ba ta buƙatar juyi. Celestine ya je ya tsuguna nesa kaɗan, da farin kaftaninsa a ƙasa mai laima, shi ma ya fara juyawa. Sun ɗan jima a haka.

"Baba, na ce duk waƙoƙinka suna kati. Ba duka ba ne."

Baba bai ɗago ba.

"Akwai kaset ɗaya, baƙi, mai jan fenti a gefe. Na gwada, na gwada, ya ƙi shiga. In na juye sai ya tsaya a tsakiya. Na tambayi mai ƙerawar, ya ce shi ma bai sani ba, abin nasa sabo ne, bai gama da shi ba. Wannan kam sai ta tsohuwar hanya. Kuma yana da tsawo sosai."

Hannun Baba ya tsaya.

"Mai jan fenti?"

"Eh, Baba."

"Murya huɗu ce a ciki. Na Ista ne. Damina biyu na yi a kansa." Ya kakkaɓe hannu, kuma na rantse na ga gefen bakinsa ya ɗaga. "Wato abin naku bai iya ɗaukarsa ba."

"Ya gagare shi, Baba."

"Ai zai gagare shi." Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. "Rediyon tana shiga har yanzu, ko jelar nan ta toshe ramin?"

"Tana shiga."

"To me muke yi a nan?"

Ban taɓa jin daɗin gazawar wani abu a duniya kamar ta ɗan allon nan ba. Duk inda mai ƙera shi yake, Allah ya yi masa albarka, kuma kar ya yi gaggawar gyarawa.

Suka koma falo, Baba ya tura ƙofa. Mu uku muka taru a kicin, ni da Mama da Anti, kowa tana yin kamar tana aiki. Sai ga shi, ƙiiii. Mama ta ɗaga muciya sama ta ce, "Na gode Yesu." Ko Anti sai da ta kasa kunne.

Ban iya zama ba. Na ɗauki tire da kofuna a matsayin hujja na tsaya jikin ƙofar falo. Ta cikin kukan kaset ina tsintar muryar Baba, ƙasa-ƙasa. Ya tambayi sunan kakansa. Ya tambayi ko yana shan burkutu. Ya tambayi wa ke noma gonar mahaifiyarsa tun da mahaifinsa ya rasu, Cele ya ce shi ne, duk Asabar. Baba ya ce, "Hm." Na san wannan hm ɗin, mai kyau ne. Na fara murmushi ni kaɗai kamar wawuya.

Sai na ji Baba ya ce, "Ranar Lahadi, ina za ta yi sujada?"

Murmushin ya tsaya mini a fuska. Kaset yana ta kuka.

Ku yarda da ni, ni da Celestine mun yi maganar komai. Kalar labulen ɗakinmu, sunan 'yarmu ta fari, wa zai riƙa wanke kwanoni. Wannan ɗaya ce duk lokacin da ta taso sai ɗayanmu ya kawo wata hira.

"Baba," in ji Cele a ƙarshe, "ba zan iya amsa mata wannan ba."



"Milka," in ji Baba, bai ko ɗaga murya ba. "Na ga ƙafarki a ƙarƙashin ƙofa. Shigo."

Tire ya kusa suɓuce mini. Ba a taɓa kiran 'ya mace cikin wannan zaman ba, ko Yemima, ko Serah. Na tura ƙofa na shiga, kofuna suna karo da juna. Layuka suna gudu a bango, 'yar fitilar tana ja. Baba ya matsa ya yi mini wuri a ɗaya gefensa. Na zauna, mu uku muna fuskantar talabijin, shi a tsakiya.

"Yaron nan ba shi da aibu," ya ce wa talabijin. "Kuma ni ba na tsoron Katolika. Allah ɗaya muke kira. Afiniki ce ke da wannan ciwon."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Yayyenki sun tafi Abuja, sun tafi Kaduna. Ke kaɗai kika rage. Duk Lahadi in na zauna a bencin dattawa, layi na biyu na mawaƙa nake fara dubawa, ta hagu. In na gan ki, sai na buɗe littafina." Ya yi gyaran murya. "Ba hana ki zan yi ba. So nake na sani tun yanzu, ko na fara koya wa idona wani wurin."

Ban san Baba yana nemana ba. Shekara da shekaru ina tsaye a layin nan, wani lokaci ina hamma, wani lokaci ina duba waya a ɓoye, ban taɓa sani ba. Hawaye suka zubo mini a kan atamfa. Ta bayan wuyan Baba na hango Cele, kansa a ƙasa, yatsunsa a kan 'ya'yan carbin nan, shi ma idonsa ya cika. Ina son su duka biyun har ƙirjina yana ciwo, kuma Lahadi ɗaya ce a mako.

Kukan kaset ya fara canjawa. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san wannan sautin, saura kaɗan waƙa ta tashi. In ta tashi, lokacin tambaya ya ƙare, ni kuma ban yanke komai ba.

Sai Baba ya miƙa yatsa ya danne rediyon. Ƙarar ta ɗauke, layukan suka tsaya cak. Ba kashewar kora ba ce, amma duk jiran da aka yi ya tashi a banza, sai an sake daga farko, kuma ya fi kowa sanin haka.

Ya juyo gaba ɗaya ya kalle ni cikin ido.

"Kar ki yi sauri, auta," ya ce. "Zan jira."